Garga Tela da Rigunan Doguwa

A layin telolin Briqueterie ta Yawunde, unguwar da 'yan cikinta suke gutsure wa suna su ce Birik, shagon Malam Garga shi ne na ƙarshe kafin hanya ta gangara kwata. Ba shi da allon suna. Baƙon da ke nemansa akan ce masa ya yi ta tafiya har ya ga wani gajeren dattijo da tef rataye a wuya, wanda bai kira shi ba, bai kuma yi masa tallar komai ba. Ɗinkin mata yake yi tun yana saurayi. A watannin nan ya koma rufe shago da la'asar sakaliya ya hau tudu zuwa gida, domin matarsa Kulsum tana kwance tun ruwan bara, kuma babu wanda ya san ko za ta sake tsayawa da ƙafafunta. Shi kuwa yana ganin da hannunsa a cikin wannan kwanciya.

A wani ƙauye kusa da Garwa aka haife shi, gidan masu shanu. Da aka ga sandar kiwo ta fi shi tsawo, ga shi ba ya iya daka wa maraƙi tsawa, sai mahaifinsa ya kai shi birni wajen wani tela, Malam Maliki, ya ce a koya masa abin da ake yi a zaune. A nan ya koyi yanka da kalmasa, ya koyi Hausa a bakin masu kawo ɗinki, ya tsinci Faransanci a makarantar da bai ƙarasa ba. Amma babban abin da ya ɗauka a wurin Malam Maliki ba a kan keken ɗinki yake ba. Tsohon yakan ce, tela ba ya gaya wa mace jikinta ya canja. In ta yi ƙiba, yadin ne ya tsuke a wanki. In ta rame, kai ne ka yanka da yawa, ka ba ta haƙuri ka rage. Ka ga awo da idonka, ka haɗiye shi da bakinka. Garga ya riƙe wannan kamar karatun allo, kuma ba ƙaramin ciniki ya jawo masa ba, don mata ba sa barin telan da ke rufa musu asiri.

Jirgin ƙasa ne ya kawo shi Yawunde da kan keke a cikin buhu. Ya yi shekaru yana ɗinki a barandar wani kafin ya sami shagonsa, a shagon kuma Kulsum ta same shi. Bazawara ce 'yar Zariya, ta zo wurin yayanta mai sayar da yadi. Da ta sunkuyo ta shigo ƙofa, sai da Garga ya ɗaga kai kamar mai duban wata. Ya rasa yadda zai yi ya kai tef kafaɗarta, ya jawo benci ya hau. Ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce, "Malam tela, in kawo maka tsani?" Shi dai ya ɗinka mata rigar da ba ta taɓa sa irinta ba. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura musu aure, 'yan layi suna tsokanarsa cewa ya auro inuwa, shi kuma yana murmushi, don gajere ba yaro ba ne.

Tun daga awon nan na kan benci bai sake sa mata tef ba. Awonta ya zauna a hannunsa, yakan yanka mata riga ido rufe.

Doguwa ake ce mata a unguwa, ta kuma fi son sunan fiye da na yanka. Masa take soyawa da safe a ƙofar gida, in ta tashi ta ɗauki kwando ta nufi kasuwar Mokolo a ƙafa, ta dawo da buhun shinkafa a ka, tana hawan tudun nan ba tare da ta riƙe buhun ba. 'Yan babur sun gaji da yi mata hon. Ta fi shekara talatin a garin, amma Faransancinta bai wuce lissafi da gaisuwa ba, ta ce bakin da ya iya Hausa ba ya buƙatar ƙari. Duniya ta karɓi abubuwa da yawa a hannunta. Ta binne 'ya'ya biyu, yayanta ya koma gida ya bar ta, haƙoranta na gefe suka zube ɗaya bayan ɗaya. Tsawon nan ne kaɗai ba a taɓa ba. In mata suna zaune ana ƙorafin tsufa, sai ta miƙe ta ce, "Ni dai yadda Allah ya dasa ni haka nake." Garga yakan ji wannan daga ɗaki, daɗi ya kama shi kamar shi aka yaba.

Wata ƙaramar salla, bayan ta daina al'ada da 'yan shekaru, ya ɗinka mata doguwar riga ta shadda a kan awon da ya saba. Ta tafi idi ta dawo, bakin rigar ya sha jar laka har ya yi nauyi. Ta tsaya a tsakar gida tana kakkaɓewa, ta ce, "Malam, hannunka ya fara tsufa. Dubi abin da ka yi mini, na share wa hukuma titi kyauta."

"Laifina ne," in ji shi. "Kawo in rage."

Ya kai rigar shago ya shimfiɗa a kan tebur ya sa tef. Rigar daidai take, ko silin zare bai ƙaru ba. Ya sake aunawa. Ya zauna a kan benci ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ɗauki almakashi ya cire faɗin yatsa biyu.

Zani ba ya tona asiri, don mace tana ɗaura shi inda ta ga dama. Doguwar riga da hijabi su ne 'yan gulma. Garga ya fara lura da tsofaffin rigunanta suna jan ƙasa, sai ya ƙirƙiro wata hidima. Duk bayan 'yan watanni yakan tattara kayanta ya ce zai kai shago ya goge da babban dutsen guga, na gida ba ya fitar da shadda. A can sai ya farke kalmasa, ya yanke, ya sake kalmashewa, ya goge har tsohon layin ya ɓace. Ya yi haka shekara da shekaru. Takan yi kukan ciwon baya, ta ɗora laifin a kan kujerar suyar masa, ya sayo man zafi ya shafa mata. A ransa tsufa ne kawai, kowa da inda yake kama shi, kuma ba ya ganin amfanin a gaya wa mutum abin da ba shi da magani. Da yake har yanzu ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ya tabbata ba ta lura ba.

Ana nan sai wata ƙungiyar likitoci ta zo wata makaranta a kan iyakar Birik da unguwar Tsinga, ranar Asabar, don duba ƙashin matan da suka daina al'ada. An yi shela a masallaci. Autarsu Saliha, wadda ke aiki a wani kantin magani a unguwar Cité Verte, ita ta matsa sai uwar ta je. Da yake ba za ta samu fita daga aiki ba, ta ce babanta ya raka ta ya yi tafinta. Kulsum ta yi ƙunƙuni, amma ta sa rigarta mai kyau suka tafi, ita a gaba shi a baya kamar kullum.

A harabar makarantar aka yi wa mata bayani. Bayan jini ya ɗauke wa mace, ƙashinta yakan fara zaizayewa daga ciki ba tare da ya yi ciwo ba, kamar itacen da gara ta ci ta bar ɓawon. Akwai na'urar da ke auna ƙarfinsa a asibiti, akwai kuma maganin da ke rage haɗarin karaya in an gano da wuri. Duk wadda ta kai sittin da biyar za a ba ta takardar zuwa na'urar kai tsaye. Waɗanda ba su kai ba za a yi musu tambayoyi, wadda amsarta ta nuna haɗari ita ma a tura ta. Kulsum ba ta kai sittin ba, don haka aka sa ta a layin tambayoyi.

Malamar asibitin da suka samu yarinya ce mai fara'a, ba ta jin Hausa. Ta ɗora Kulsum a kan ma'auni, ta jingina ta da sandar awo, ta yaba tsawonta, sannan ta fara tambaya da Faransanci, Garga yana juyawa. Da aka zo kan yaushe ta daina al'ada, ya kafe ido a kan takalminsa ya faɗa a hankali kamar mai neman bashi. Kulsum ta ce, "Ka buɗe baki mana, Malam. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta ba da amsa ba ko kunya. Ba ta taɓa karaya ba. Ba ta shan taba. Uwarta ta rasu da ƙuruciya, ba ta san yadda ƙashinta yake ba.

Sai malamar ta ɗaga biro ta ce wannan tambayar tana da muhimmanci, domin sau da yawa ita kaɗai ce alamar da ake gani. Ko Madam ta lura ta rage tsawo? Ko rigunanta sun fara yi mata tsawo, suna jan ƙasa?

Garga bai ɓoye komai ba, ya juya tambayar yadda aka yi ta, kalma da kalma. Kulsum ta dube shi, ba malamar ba, ta ɗan jima tana dubansa. Sannan ta ce, "A'a. Rigunana duk daidai suke mini. Ga telana nan, a tambaye shi."

Ya juya wannan ma. Malamar ta yi dariya, ta ce ashe shaida a kusa take, ta tambaye shi ko haka ne. Mata cike da aji, wasu ma masu kawo masa ɗinki ne, ga Karimatu maƙwabciyarsu a benci na gaba ta baza kunne. Ya ga Doguwa zaune ta miƙe wuya, ya tuna yadda take cewa yadda Allah ya dasa ta haka take. Ya gyaɗa kai. Malamar ta yi alama a takarda, ta ce Madam tana cikin masu ƙaramin haɗari, ta yawaita shan nono da cin kifi, ta dawo in ta cika sittin da biyar.

A hanyar gida ya yi niyyar faɗa mata. Ya ce bari su wuce masu tsire. Da suka wuce ya ce bari su isa gida. A gida ta hau ba Karimatu labarin yadda 'yar asibiti ta yi mamakin tsawonta, ya ga ba ranar ba ce. Ya yi niyyar gaya wa Saliha a gefe, ya ji kamar zai ci naman matarsa ne a gaban 'yarta. Magana in ta kwana tana ƙara nauyi, tasa kuwa ta yi ta kwana har ya daina ƙoƙarin ɗaga ta. Bayan wata shida ya sake tattara kayan guga.

Kusan shekara biyu bayan haka ta faɗi, kuma ko faɗuwar kirki ba ce ba. An yi ruwa da safe, ta fito da buta za ta yi alwala, ƙafarta ta zame a dokin ƙofa, ta zauna daɓas a kan siminti. Matar da ta yi shekaru tana hawan tudu da buhu a ka ta kasa tashi daga tsakar gidanta. Maƙwabta suka ce a kira mai ɗori daga unguwar Nkomkana. Saliha ta zo ta ce asibiti za a, ba ta saurari kowa ba.

Ƙashin cinya ne ya karye, can sama inda ya haɗu da ƙugu. Aka yi mata aiki. Bayan kwana biyu likitan ya kira Garga da Saliha ofishinsa, ya ɗaga hoton bayanta a gaban fitila. Ya nuna musu ƙasusuwan gadon baya guda uku da suka lotse, ya ce waɗannan ba na jiya ba ne, sun daɗe, a hankali suka yi ta zama a kan juna. Ya tambaya ko babu wanda ya lura tana raguwa.

Saliha ta ce, "Da ta ragu da Baba ya sani. Shi yake yi mata ɗinki."

Garga ya dubi hoton, ya tambaya, da an gano tun shekara biyu da suka wuce fa? Likitan bai yi masa ƙarya ba. Ya ce ba zai rantse da ba ta karye ba, magani ba ya mai da tsohuwa yarinya. Amma da an fara shi a lokacin, da ƙashin ya fi haka ƙarfi, kuma da yawan mata irinta sukan faɗi su tashi su kakkaɓe zani. Garga ya yi godiya ya fita. A baranda ya zauna a ƙasa, mutane suna tsallake ƙafarsa, baƙin ciki ya cika shi har ya kasa tuna addu'ar da zai yi. Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ba nasa ba ne.

Aka dawo da ita gida da magunguna da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Kasko da murhun masa suka koma bayan ƙofa. Kullum da la'asar Garga yakan dawo ya tallafe ta, ta kama ƙarfen, ta yi taku biyu ko uku zuwa ƙofar ɗaki, gumi yana tsiyaya. Ƙugun ya fara haɗewa, sai bayan ya ƙi. Wani ƙashin ya sake lotsewa ranar da ta yi tari mai ƙarfi, daga nan tsayuwa ta zama azaba. Saliha ta aro kujera mai taya. Garga ya ƙi a shigo da ita ɗaki, ya jingine ta a zaure ya rufe da tsohon zani, ya ce ta 'yan kwanaki ce. Kulsum ba ta yi masa musu ba. Tsokanarta dai tana nan, takan ce wa masu zuwa dubiya yanzu Malam ya huta da ciwon wuya.

Da azumi ya raba tsakiya ya sayo mata shadda ruwan toka, irin wadda take so. Ya shigo da ita bayan la'asar ya ajiye a gefen gado, ya ce gobe zai yanka. Tana kwance a rigingine, an tokare ta da matasai. Ta shafa yadin, ta ce, "Ina tef ɗinka?"

"Me za a yi da tef? Na san awonki."

"Ka san na matar da ka aura. Auna wannan, ka kuma faɗa mini abin da ka gani."

Ya ciro tef daga wuyansa. Ya ɗora daga kafaɗa ya ja har idon sawu, ya duba. Bai iya faɗin lambar ba. Ya buɗe babban yatsa da manuni ya nuna mata tazarar da ta tafi.

Ta dubi yatsun nasa, ta ce, "Na ɗauka bai kai haka ba."

Ya tsaya da tef a hannu. "Kin sani?"

"Malam, shekara nawa ina auren tela? Atamfata mai tsuntsaye, da ka ɗinka ta akwai sahu guda a ƙasa da ƙafafunsu. Ta je guga ta dawo ba ƙafafu. Ta sake zuwa ta dawo ba ciki. Wane irin dutsen guga ne yake cin tsuntsu?"

Ya zauna a bakin gadon. Ya tambaye ta me ya sa to ta ce wa malamar asibiti a'a.

"Mutum ya yi shekaru yana wahala a ɓoye don kada raina ya ɓaci," in ji ta, "sai in tashi a gaban matan unguwa in nuna masa wahalar banza ya yi? Kara na yi maka. Shi ya sa na ce a tambaye ka. Na ce a raina in ka faɗa ba zan musa ba, sai mu karɓi takardar mu tafi."

"Ni kuma na ga kin ce a'a."

"To. Ka yi mini kara, na yi maka."

Babu faɗa a muryarta, da ma ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Daga waje ana jin masu ƙosai sun fara suyar buɗa-baki. Garga ya share fuskarsa da hannun riga, ya naɗe tef ɗin, ya ce zai yanka a kan sabon awon, daidai idon sawu, yadda ranar da ta miƙe ba za ta taka ba.

Kulsum ta kama hannunsa ta riƙe.

"Kada ka sake yi mini irin wannan ɗinkin, Malam. Je ka zaure ka shigo da kujerar nan, ka ɗora ni a kai. Ka auna ni a zaune, kada bakin rigar ya riƙa shiga taya."

Ya tashi ya fita zaure, ya yaye zanin da ya rufe kujerar, ya turo ta zuwa ɗaki.